Ta Yaya Masu Sana'ar Karɓar Baƙi Za Su Sa 'Yan Siyasa da 'Yan Jarida Su Waiwaye Su?

Wani ɗan'uwa daga cikin birnin Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana da ƙaramin masaukin baƙi, kuma shi ne yake zagayawa da su marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, Gidan Makama da Dutsen Dala. Shi da wasu marina da dukawa da masu ɗaukar hoto sun haɗa kai, sun rubuta wa hukuma wasiƙa har sau biyu, shiru kake ji. Sun nemi 'yan jarida, aka ce sai sun sayi fili. Tambayarsa ita ce: ta ina za su ɓullo wa lamarin?

Malam, sannu da ƙoƙari. Na shafe shekaru a wannan sana'a, na kai baƙi wurare, na zauna a bencin jiran ganin manya, na kuma yi ta shiga ɗakunan watsa shirye-shirye. Abin da zan fara gaya maka shi ne ka rage dogaro da kalmar "yawon buɗe ido" idan kana gaban ɗan siyasa. A kunnen mutanenmu da yawa, yawo abin marar aikin yi ne. Da ka ce otal kuma, wani tunaninsa ya tafi wajen masha'a. Ɗan majalisar da mutanensa suke kukan ruwan sha da taki da kuɗin makaranta ba zai miƙe a zauren majalisa ya kare kuɗin "yawo" ba, ko da a ransa ya yarda da kai, domin ya san abin da za a faɗa a kansa a rediyo da daddare. Abin da kuke yi sana'a ce, abinci ne na gidaje. Da wannan sunan za ku shiga ko'ina.

Ka ɗauki baƙo ɗaya ka bi sawun kuɗinsa. Ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ko a tasha, ya hau mota ko adaidaita sahu. Ya kwana a wurinka, mai wanki da mai shara da mai gadi sun samu. Da safe ya je Ƙofar Mata, ya tsaya bakin karofi yana kallon dattijo yana tsoma yadi a ruwan baba, yana ɗagowa iska ta buge shi, launin yana juyewa daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban idonsa. Ya leƙa wajen mabuga, ya ji sautin bugu yana tashi bi da bi har yadin ya ɗauki sheƙi. Ba zai fita hannu rabbana ba, sai ya sayi zane. Matar da ta ƙulla adon zanen tana cikin gida, baƙon bai ganta ba, amma kuɗinsa ya isa gare ta. A Kurmi ya sayi jaka da takalmin fata da turare, ya ci gurasa bandashe, ya yi tsarabar kilishi da dambun nama. Ka ƙirga hannayen da kuɗin nan ya ratsa kafin magariba. Wannan ƙirgen shi ne jarinku, kuma na lura yawancin ƙungiyoyi irin taku ba su taɓa zama sun yi shi ba.

To ku yi shi kafin ku sake rubuta wa kowa wasiƙa. Ku sayi littafi babba mai layi, ku ajiye ɗaya a masauki, ɗaya a marina, ɗaya wajen masu rakiyar baƙi. Duk wanda ya zo a rubuta ranar, daga ina yake, su nawa ne, kwana nawa zai yi, me ya saya. Ku kuma rubuta mambobinku: sunan sana'a, unguwa, mazaɓa, yara nawa ke aiki a ƙarƙashinsa. Wata uku kacal kuka yi kuna wannan, za ku mallaki abin da ko ofishin da kuke rubuta wa wasiƙa zai so ya samu kwafinsa. Kada ku ƙara ko mutum ɗaya a kan gaskiya. Ɗan siyasa ya san unguwanninsa akwati-akwati, idan ka ce masa ku dubu biyar ne alhali ku ɗari biyu ne, ya gane tun kafin ka rufe baki, kuma daga ranar ya daina ɗaukar maganarka da nauyi. Ɗari biyu na gaskiya, kowanne da iyali da katin zaɓe a mazaɓarsa, sun ishe shi ya gyara zama.

Sai batun wanda za ku nufa, kuma a nan ne nake zaton wasiƙunku suka ɓace. Wuraren da kake kai baƙi ba mai su ɗaya ba ne. Gidan Makama yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979. Gidan Ɗan Hausa na hukumar tarihi da al'adu ta jiha ne. Kwashe shara akwai hukumarsa daban, magudanar ruwa da fitilun titi na wata ma'aikatar ne, wani abin kuma na ƙaramar hukuma ne, Birni da Kewaye ko Dala ko Gwale. Hawan Sallah da duk abin da ya shafi fada na masarauta ne. Idan ka rubuta wa kwamishinan al'adu kana neman a yashe kwata, ba ƙin ka ya yi ba, ba shi da layin kuɗin yin hakan. Akwai kuma abin da masu masauki da yawa ba su sani ba: a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa rajista da kula da otal-otal hurumin jiha ne. Ma'ana, kukan da kuke yi na yawan haraji da masu zuwa karɓar kuɗi kala-kala, maganinsa yana majalisar dokokin jiha da hukumar tara haraji ta jiha. Ba sai kun je Abuja ba. A tarayya ma an ƙirƙiri ma'aikatar yawon buɗe ido mai zaman kanta a 2023, aka sake haɗe ta da ta al'adu a watan Oktoba na 2024. Kujerun sama suna yawan motsi. Waɗanda ba sa motsi su ne daraktoci da manyan ma'aikata, su ne suke rubuta takardar da kwamishina zai sa wa hannu. Ku san daraktan tsare-tsare na ma'aikatar da magatakardan kwamitin majalisa da ke kula da ita, ku riƙa gaishe su ko ba ku da buƙata.

Bari in ba ka labarin kuskuren da muka taɓa yi, domin har yanzu yana yi mini ciwo. Mun samu ganin wani babban jami'i bayan mun yi makonni muna nema. Muka shiga mu fiye da goma da takarda mai shafuka da yawa: a gina mana cibiya, a ba mu motoci, a ba mu bashi, a kai mu baje koli ƙasar waje, a gyara hanya, a rage haraji. Kowa ya ce sai ya yi magana. Mutumin ya saurare mu cikin mutunci, aka yi hoto, ya ce za a duba. Da muka fito, wani tsohon ma'aikacin ofishin ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, da abu ɗaya kuka roƙa da yau kun tafi da shi. Kun ba shi goma, kun ba shi damar ya ƙi duka ba tare da ya ce a'a ba." Shekarar nan haka ta wuce mana ba mu samu komai ba, kuma wasu daga cikin dattawan da suka raka mu ba su sake yarda sun bi mu wani ofishi ba.

Saboda haka ku zaɓi buƙata ɗaya, ƙarama, wadda ido zai gani, wadda za a iya gamawa cikin watanni. Banɗaki mai tsabta da wurin alwala kusa da marina. Allon bayani da Hausa da Turanci da Larabci a gindin Dala. Fitila a lungun da baƙi ke bi. Ranar kwashe shara tsayayya a bakin wurin. Ku nemo mai sana'ar ya yi muku kiyasin kuɗin, ku rubuta a shafi ɗaya tak: ga mu, ga yawanmu, ga matsalar, ga hotonta, ga kuɗin gyara, ga abin da mu za mu ɗauka. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Idan kuka ce ku za ku riƙa biyan mai wanke banɗakin daga aljihun ƙungiya, kun fita daga sahun masu roƙo kun koma abokan aiki. Kuma ku bar ɗan siyasar ya yanke ƙyalle, a sa sunansa a allo. Ba abin kunya ba ne. Shi yana neman abin da zai nuna wa mutanensa, ku kuna neman banɗaki, kowa ya samu nasa ta hanyar halal.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu tun wajen tsakiyar shekara, gwamna ya gabatar wa majalisa galibi tsakanin Oktoba da Disamba, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema, wani lokaci a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Wanda ya kawo buƙatarsa a watan Maris ya tarar an riga an raba tuwon. Ku kai takardarku ma'aikata da damina, ku kai wa ɗan majalisarku kwafi kafin ya tsara ayyukan mazaɓarsa, ku halarci zaman jin ra'ayi ko da mutum biyu ne sanye da kayan rininku. Kuma ku sani, ganin abu a kasafi daban, fitar kuɗin daban. Bayan an sa hannu aikinku bai ƙare ba, sai kun riƙa leƙawa kuna tambaya cikin ladabi har a saki kuɗin.

Kada ku tsallake masarauta. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku wajen dagaci ko wakilin yankin, a kai ga hakimi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma takardar da ta biyo ta wannan hanya ba a jefa ta a kwando da sauƙi. Amma ku kiyaye abu ɗaya da dukkan ƙarfinku: ƙungiyarku kada ta zama ta jam'iyya ko ta wani ɓangare. A Kano ko launin hula magana ne. Ranar da za ku je ofis ku lura da abin da kuka sa a ka. Kowane mamba yana da 'yancin ra'ayinsa, amma ƙungiya ta gaishe da mai mulki, ta gaishe da ɗan adawa, ta gayyaci kowa. Marinar da ake cewa tun 1498 take ta ga sarakuna da gwamnoni iri-iri sun zo sun wuce. Ba daidai ba ne a ɗaura rayuwarta a kan zaɓe ɗaya.

Idan ɗan siyasa ya ce maka ai wannan harka ba ta da wani tasiri, kana da abin nuna masa na zahiri. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya shiga wannan jerin tun 2016. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren tarihin da ke jiran tantancewar UNESCO tun 2007, alhali muna kallo ana cin ta da gini da ɗibar ƙasa. Ka kuma tuna masa da abin da tsayawar irin waɗannan bukukuwa ke jawowa. Argungu ta yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba sai a watan Maris na 2020. A Kano ma an ga Sallolin da aka dakatar da hawa a 'yan shekarun nan. Ka tambayi mai ɗinkin kayan doki, mai haya da dawaki, mai sayar da rawani, mai masauki irinka, abin da suka yi asara. Ku rubuta wannan asarar ku ajiye, ba don zargin kowa ba, don a san cewa idan an fasa hawa akwai tukwanen da ba a ɗorawa.

Yanzu ga 'yan jarida. Wanda ya ce maka sai ka sayi fili bai zalunce ka ba, domin abin da ka kai masa talla ne, talla kuwa da shi gidan rediyo ke sayen man janareta. Labari ne ba a biya. Bambancin shi ne, talla yana cewa ku zo wurinmu akwai kyau, labari kuwa yana da mutum a ciki da abin da ya same shi. Dattijon da ya gaji karofi daga kakansa, yau a cikin 'ya'yansa babu mai son karɓa. Ramukan da aka daina amfani da su suka cika da shara, da adadinsu na gaskiya da kuka ƙirga da kanku. Yarinyar da ta biya kuɗin makarantarta da ƙullin zane. Yadda atamfa da shadda na waje masu araha suka karya kasuwar rinin gargajiya. Irin wannan labari, edita zai turo wakili da kansa, domin shi ma kullum neman abin da zai cika shirinsa yake yi.

Ku san wanda kuke nema a kowane gida. Kusan duk tashar rediyo a Kano, irin su Freedom da Rahama da gidan rediyon jiha, tana da shirin al'adu ko na sana'o'i ko na kasuwanci. Ku saurara na makonni, ku san mai gabatarwa da irin abin da yake so, sannan ku neme shi shi kansa, ba sashen talla ba. Aminiya da Daily Trust suna da shafukan rahoto na musamman. Arewa24 da Trust TV suna son abin da ido zai sha kallo, ku kuwa launi ne sana'arku. Sashen Hausa na BBC da DW da RFI suna da wakilai a gari, kuma su ne za su kai muryarku Damagaram da Maraɗi da Agadas da zangon Kumasi, inda masu sayen baƙin rini da kayan fata suke tun zamanin fatake. Saƙon da za ku tura kada ya wuce abin da mutum zai karanta a waya yana tsaye: me ke faruwa, yaushe, a ina, wa za a yi hira da shi, ga lambar mai magana da yawunku, ga hoto uku masu kyau. Mai magana ya zama mutum ɗaya ko biyu, mai natsuwa, mai ɗaukar waya ko da ƙarfe goma na dare ne.

Gani ya kori ji. Maimakon taron manema labarai a ɗaki da kujerun roba, ku gayyaci wakilai biyar ko shida ku zagaya da su kamar baƙi, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ku hau Dala da su su ga birnin a shimfiɗe, ku bar ɗaya ya tsoma hannunsa a baba ya tafi ofis da shuɗin farce. Ku ciyar da su, ku ɗauki nauyin motar da ta kawo su, wannan karamci ne, baƙonka annabinka. Amma ban ba ku shawarar ku saba musu da ambulan ba. Ranar da kuka fara biya don a faɗi alherinku, ranar da babu kuɗi babu labari, kuma ɗan jaridar kirki zai fara kallonku da wani ido. Ku haɗa irin wannan zagaye da ranar da dama editoci ke neman abin faɗa: 27 ga Satumba ranar yawon buɗe ido ta duniya, 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi, ko makon da ke gaban Sallah. Matasa masu ɗora bidiyo a TikTok da Facebook su ma ku jawo su, wani cikinsu ya fi jarida masu kallo. Sai dai ku gindaya musu sharaɗi: ba ɗaukar mace ko dattijo sai da izini, ba wasan banza a wurin da mutane ke neman abincinsu.

Za a tambaye ku batun tsaro, babu makawa. Kada ku ce komai lafiya lau ƙasa gaba ɗaya, mai sauraro ya san ba haka ba ne, kuma gwamnatocin Amurka da Birtaniya suna gargaɗin mutanensu game da jihohin Arewa da dama. Ku faɗi abin da kuka sani kuma kuke iko da shi: ga unguwannin da muke bi, ga lokutan, ga yadda muke sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda, ga yawan baƙin da muka zagaya da su bana. Wannan ma littafin nan da kuke rubuta baƙi a ciki ne zai ba ku bakin magana.

Akwai abin da nake so ka sauya a lissafinka, Malam, domin ya shafi duk abin da na faɗa. Mun daɗe muna zaman jiran Bature da kyamara a wuya, har muna ganin idan babu shi babu sana'a. Ka je Yankari lokacin hutu ka tsaya bakin ruwan Wikki, ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina. A duk zuwan da na yi, waɗanda na tarar cike da wurin 'yan ƙasa ne: iyalai daga Jos da Gombe da Kano, ɗalibai cikin motocin makaranta, ma'aikatan da suka zo taro. A Kano ma akwai yaran da aka haifa a Hotoro ko Rijiyar Zaki har suka gama sakandare ba su taɓa taka Kurmi ba, ba su san Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta ba. Akwai 'yan kasuwar da ke zuwa Kwari da Singa da Dawanau daga ko'ina a Afirka ta Yamma su kwana uku su koma ba wanda ya ce musu ga abin kallo. Waɗannan su ne kasuwarku ta kusa, kuma su ne masu sauraron rediyon Hausa.

Idan da ni ne ku, buƙatar farko da zan kai ma ba ta gini ba ce. Zan nemi ma'aikatar ilimi ta ba da takardar amincewa makarantu su riƙa kawo ɗalibai zagayen tarihi a cikin birni, ku kuma ku tsara farashi mai sauƙi na kowane yaro, da masu rakiya da kuka horar, da ruwan sha, da malami ɗaya kyauta a kan kowane aji. Wannan ba ya cin kuɗin gwamnati, don haka ba sai an jira kasafi ba, sa hannu kawai yake buƙata. Ku fara da makarantu masu zaman kansu guda biyu ko uku da kuka san masu su, tun kafin takardar ta fito. Ranar da motar farko za ta tsaya a Ƙofar Mata, ku tabbatar akwai wakilin rediyo a wurin da na'urarsa, ku kuma aika wa ɗan majalisar mazaɓar gayyata tun mako biyu kafin ranar, a rubuce, a kai hannu da hannu, ku karɓi shaidar an karɓa.